Gani Ya Kori Ji: Madubin A-kori-kura Da Ran Yaron Mota

 

Yau maganar madubi za mu yi. Madubin gefen mota nake nufi, wanda direbobi ke cewa gilashin gefe, musamman na a-kori-kura idan an ɗaura mata wani abu tana ja a baya. Na san wani zai ce, haba malam, ga tsadar taki, ga rashin aikin yi, ga makarantu babu kujeru, ka rasa abin da za ka ɗauko sai madubi? To ɗan'uwa ka ɗan yi haƙuri ka ji ni zuwa ƙarshe. Abin da nake so mu gane shi ne, a ƙauyukanmu inda ya kamata a sa gilashi, yaro ake sawa. Yaron nan kuwa sa'anmu ne ko ƙaninmu. Shi ya sa maganar ta zama tamu.

Bari mu fara da abin da kowa ke gani. Daga watan Oktoba zuwa Disamba, idan kaka ta yi, ka hau hanyar Kano zuwa Daura, wadda ta bi ta Dambatta da Kazaure, ko hanyar Katsina da ta bi ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa. Ka ɗan tsaya a bakin titi ka ƙirga. Za ka ga Hilux ko tsohuwar Peugeot tana jan injin casar masara ko na shinkafa daga wannan ƙauye zuwa wancan. Za ka ga wata tana jan tankin ruwa zuwa wurin gini. Wata kuma ƙaramar tirela ce da mai walda ya haɗa da tsohon gindin mota, an laɓta mata buhunan dawa, ko harawa, ko kara, ko tumaki za a kai kasuwar Dambatta ranar Lahadi. Da rani kuma, a wuraren noman rani kamar gefen dam ɗin Thomas da na Watari, kwandunan tumatir ne da buhunan albasa. Wannan duk neman halal ne, kuma shi ke ciyar da birni. Buhun da ka gani a kasuwar Dawanau, sau da yawa a bayan irin wannan motar ya baro gona.

Matsalar a nan take. Kamfanin da ya ƙera motar ya yi madubinta ne daidai faɗin jikinta. Hilux faɗinta wajen mita 1.8 ne. Peugeot 504 a-kori-kura, irin wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, wajen mita 1.7 ce. Madubin kuma bai fi santimita 20 ya leƙo daga jikin ƙofa ba. To kai ka ɗauko tirela ko lodin harawa mai faɗin mita 2.4 ka ɗaura. Ka yi lissafi, kaya sun fito da santimita 30 ta dama, 30 ta hagu. Madubin ciki, na saman gilashin gaba, tuni ya tashi daga aiki, buhu kawai yake nunawa. Na gefe shi ma yanzu kaya sun wuce shi. Direba ya duba dama ya ga buhu, ya duba hagu ya ga buhu.

Ga wani lissafin da ɗan sakandare ma zai iya. A ce kayan sun wuce madubi da santimita 20, kuma bakin kayan yana mita 2 a bayan madubin. Kenan duk mita ɗaya da ka ƙara baya, lungun da direba ba ya gani yana ƙara buɗewa da santimita 10. Kafin a kai mita 20 a baya, lungun ya kai mita 2 a gefe. Babur da mai shi da fasinjansa duk za su shige ciki su ɓace. Idan a-kori-kura tana gudun kilomita 50 a awa, mai babur yana 80, cikin daƙiƙa 2 da rabi ya cinye mita 20 ɗin nan. Direba ya ga rami ya kauce hagu, shi a ransa babu kowa a wurin. Sai dai a ji ƙara. Daga baya a taru a ce tsautsayi ne.

Akwai abu na biyu da masu jan tirela suka sani amma ba kowa ke lura ba. Tayar tirela ba ta bin sawun tayar mota idan an zo kwana. Yanke kwana take yi, ta shigo ciki. Motar za ta wuce lafiya lau, amma tayar abin da ake ja ta hau inda motar ba ta taka ba. Kuma tun watan Afrilu na 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zaune. Gefen damansa shi ne mafi nisa da idonsa. Wa ke gefen dama? Mai tafiya a ƙasa, yarinya mai talla, ɗan makarantar allo, dattijo a kan keke, jaki da mangalar taki. Kuma ku lura da kyau, a motocin lodi na ƙauye madubin dama shi ne wanda aka fi samu ya fashe, ko an ɗaure shi da roba yana kallon ƙasa, ko babu shi sam.

Me ya sa abin ya fi tsanani a wajenmu? Saboda irin zaman da muke yi. Ƙasar da ke kewaye da Kano, har zuwa su Minjibir da Ungogo da Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta da Makoda, tana cikin karkarar da ta fi cika da mutane a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, tun shekarun 1960 ya yi rubutu a kan haka: gona na jikin gona, ana noma kowace shekara ba hutu, ɗaruruwan mutane a kowace murabba'in kilomita. Mu ba sai an karanta mana ba, a ciki muka tashi. Ba ka yin tafiyar minti biyar ba ka tarar da gida ko rijiya ko yara suna kiwo ba. Hanyoyin cikin gonaki kuwa an yi su ne don jaki da amalanke. Ga darni, ga kututturen ɗorawa, ga dawa ta fi mota tsayi. Direban da ke jan kaya a dajin da babu kowa, in bai ga bayansa ba, itace zai buga. A nan mutum zai buga.

To da yake direba ba ya gani, me ake yi? Sai a ce, kai yaro, hau baya ka duba mini. Ga shi nan a maƙale a ƙofar bodi, ko a tsaye a kan ƙarfen da ya haɗa mota da injin casa, hannu ɗaya a riƙe da igiya, ɗaya yana dukan bodi. Taho, taho, taho, tsaya! Idan za a yi ribas, shi ne zai sauka ya shiga tsakanin mota da tirela. Idan za a wuce wata motar, shi ne zai leƙa ya ce Oga shiga, babu kowa. Har suna aka ba shi, wai karen mota. Ni wannan sunan ba na son sa, kuma ina roƙon mu daina faɗa. Yaron mota almajirin sana'a ne, tuƙi ya zo koya.

Abin nan ya taɓa ni kusa. Ƙanin wani abokina, yaro ɗan shekara 16, ya bi wata mota mai jan injin casa a kakar da ta wuce don ya tara kuɗin jarrabawa. A wani ƙauye ana so a juya motar a bakin masussuka, maigidan ya ce ya sauka ya ba shi hannu. Motar ba ta da madubin dama. Yaron yana ta ihun tsaya, ga ƙarar inji, ga hayaniyar mutane, direban bai ji ba. Injin ya lanƙwaso ya matse masa ƙafa da jikin bamba. Allah ya sa da sauran kwana, karaya ce. Amma wata uku yana kwance, jarrabawar ta wuce shi, har yanzu yana ɗingishi. Direban ba mugu ba ne, maƙwabcinsu ne, shi ya ɗauke shi zuwa asibiti yana kuka, shi ya biya kuɗin ɗori. Abin da ya kashe ya ninka kuɗin madubi sau da yawa. Da na je dubiya, abin da mahaifiyar yaron ta ce da ni shi ne, ɗan nan, shi fa yana ta kira, ba a ji shi ba ne. Hausawa suka ce gani ya kori ji.

Bari in ba ku wani ɗan tarihi da zai ba ku mamaki. A shekarar 1911 aka yi tseren motoci na farko na mil 500 a Indiyanafolis ta ƙasar Amurka. A lokacin kowace motar tsere mutum biyu take ɗauka, direba da makaniki, kuma cikin aikin makanikin har da waiwaye yana gaya wa direba abin da ke tafe a baya. Yaron mota kenan irin nasu. Wani direba mai suna Ray Harroun ya zo da mota mai kujera ɗaya, ya kafa madubi a gabansa maimakon mutum. Shi ya ci tseren. Sama da shekara 100 kenan da aka gano gilashi zai iya wannan aikin. Mu har yau muna sa ɗan mutum.

Kuma kada mu ɗauka ƙaramin abu ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara. Hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin masu mutuwar ba a cikin mota suke ba, masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowa asara. Ka sake duba shekarun nan, 5 zuwa 29. Mu ne.

To yanzu mu zo kan gyara, don ba kuka na zo yi ba. Duk mai a-kori-kura da ke saurare, ko ɗansa, ko yaronsa, ga yadda ake yi.

Da farko awo. Ka ɗaura tirelar, ka yi mata irin lodin da ka saba, ka tsaya a fili miƙe. Ka sami tef ko igiya ka auna wurin da ya fi faɗi, ko tayar tirela ce, ko bakin injin, ko buhun da ya leƙo. Sannan ka auna daga bakin madubin dama zuwa bakin na hagu. Idan kaya sun fi madubi faɗi, madubinka ya gaza. Abin da ake so shi ne gilashin ya fito ya ɗan wuce kayan, ta yadda kana zaune za ka ga jikin tirelar tun daga gaba har ƙarshenta, ka kuma ga titin da ke bayanta.

A Ingila ƙa'idar da suke bi ita ce, mai jan tirela ya iya ganin faɗin mita 4 daga gefen abin da yake ja, a nisan mita 20 a bayansa. Wanda aka kama yana ja ba tare da madubin da ya dace ba, tararsa tana iya kaiwa fam 1,000. Mu ba sai mun jira tara ba, gwajin kyauta ne. Ka sa yaronka ya yi taku 25 zuwa baya, sannan ya yi taku 5 zuwa gefe. Ya dawo a hankali yana matsowa jikin layin tirela. Kai kana kujerarka kana kallon madubi. Duk inda ya ɓace maka, nan ne mai babur zai ɓace maka a titi. Ku yi ta dama, ku yi ta hagu.

Na biyu, wane irin madubi? Hanya uku ce. Akwai na ɗaurawa, wanda ake maƙala shi a kan madubin motar da maɗauri ko ɗan noti, a cire idan an gama jan kaya. Shi ya fi sauƙi, amma a hanyar burji yana rawa sosai, kuma ɓarawo ba ya shan wahalar cire shi. Akwai mai zugewa, wanda ake cire na motar gaba ɗaya a sa shi, hannunsa yana fitowa idan za a ja kaya, a mayar da shi ciki idan an sauke. Shi ne mafi kyau, amma da tsada, kuma sai an dace da samfurin motar. Idan madubinka mai lantarki ne ko mai sigina a jiki, ka tabbata soket ɗin ya yi daidai, kar a bar wani ya yayyanka maka waya. Na uku shi ne wanda ya fi dacewa da aljihunmu: ka shiga Kofar Ruwa a Kano ka sayi madubin babbar mota ko na bas, dogon nan, ka kai wa mai walda ya yi masa hannu.

Wanda zai bi hanya ta uku, ga abin da zai gaya wa mai walda. Kada ya yi hannun da rodi ɗaya tilo, domin zai riƙa karkarwa, kuma madubin da ke karkarwa hoton banza yake nunawa. A yi masa ƙafa uku, biyu a sama da ƙasa, ɗaya ta tokare, kamar murhu. Kada a like shi da walda a jikin ƙofa, a ɗaure da noti, a sa faranti na ƙarfe ta ciki don kada fatar ƙofar ta tsage, a sa robar tsohon tiyub tsakanin ƙarfe da ƙarfe ta shanye girgiza. Sannan dole a yi masa gaɓa da zai riƙa naɗewa. Wannan gaɓar ba ado ba ce. A lungun ƙauye za ka buƙaci naɗe shi, kuma idan ya taɓa mutum ko bango gara ya lanƙwashe da ya tsaya ƙyam. Kada kuma a wuce gona da iri. Idan ya wuce faɗin kayan da kamar tsawon tafin hannu, ya isa. Wanda ya fi haka ya zama sanda, kai ne za ka riƙa maƙe mutane da shi. In ka sauke tirela, ka naɗe shi ko ka mayar da shi ciki.

Na uku, gilashin kansa. Iri biyu ne. Akwai lebur, akwai mai doro kamar bayan cokali. Lebur yana gaya maka gaskiyar nisa, amma abin da yake ɗauka kaɗan ne. Mai doro yana ɗauko fili mai yawa, amma yana ƙanƙanta abu, sai ka ga mota kamar tana nesa alhali ta iso. Shi ya sa a madubin dama na motocin da ake kawowa daga Amurka za ka ga ɗan rubutu yana gargaɗin cewa abin da ka gani ya fi kusa da yadda yake a gilashi. Mai jan kaya yana buƙatar duka biyun a kowane gefe: babba lebur a sama don titin baya, ƙarami mai doro a ƙasa a saita shi yana kallon tayar tirela da gefen hanya. Da ƙaramin za ka ga ko tayarka za ta hau yaro ko ta faɗa kwalbati. Da babban za ka auna ko akwai damar wucewa. Kuma don Allah a guji gilashin jabu mai nuna fuska a karkace, da gilashin ɗaki da ake yankawa a liƙa. Araha ba ta ado. Lokacin hunturu kuma a ajiye tsumma a mota, ƙurar kwana ɗaya ta isa ta makantar da madubi.

Na huɗu, madubi ba ya aiki shi kaɗai. Tirelar da babu danja babu sigina, wanda ke binka da daddare ba ya sanin da ita sai ya iso. A ja mata waya, in hakan bai samu ba a liƙa mata tef mai ƙyalli ja a baya. A sa sarƙa ta biyu tsakanin mota da tirela, ko da ƙugiya ta zare. Wajen lodi, nauyi ya ɗan fi yawa a gaban taya, domin idan ya taru a baya tirela za ta riƙa wutsiya tana jan motar. Kuma idan ta fara wutsiyar, a madubi za ka fara gani kafin ka ji a sitiyari. Sai ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari miƙe, kada ka danna birki da ƙarfi.

Na san abin da wasu iyayenmu direbobi za su ce, domin na zauna da su a tasha mun yi wannan hirar. Wani zai ce, yaro, shekarata 30 ina tuƙi ban taɓa buge kowa ba. Baba, Allah ya ƙara tsarewa, kuma ba mu raina gwanintarka ba. Amma hanyar da ka fara tuƙi a kanta ba ita ce ta yau ba. Babura sun ninka, garuruwa sun matso bakin titi, kaya sun ƙara faɗi. Gwaninta tana aiki ne a kan abin da ido ya gani. Wani zai ce babu kuɗi. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, mai ya yi tsada, kayan gyara sun yi tsada. Amma ka je ka tambayi kuɗin madubi biyu da aikin walda, sannan ka tambayi kuɗin taya ɗaya, ka tambayi kuɗin kwana uku a gadon asibiti, ka tambayi abin da mota ke asara idan ta kwana sati a ofishin 'yan sanda ana tsakiyar kaka. Wani kuma zai ce, to in na sa madubi, yaron me zai yi? Aikinsa na nan: ɗaure kaya, duba taya, sa waigi, kula da inji, da koyon tuƙin da ya kawo shi. Idan za a yi ribas zai iya ba da hannu, amma daga gefe, nesa da tirela, a inda kake ganinsa a gilashi. Ka daina ganinsa, ka taka birki. Shi ke nan.

Su ma hukumomi akwai nasu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun 1988 aka kafa ta, ga jami'an duba lafiyar motoci, ga KAROTA a jihar Kano. Dokar hanya ta wajabta madubi a mota, wannan ba sabon abu ba ne. Roƙonmu shi ne kafin kaka ta kama a shiga tashoshi da kasuwannin ƙauye a yi wa direbobi bayani da Hausa, a yi gwajin takun nan a gabansu. Mutumin da aka nuna wa da idonsa cewa yaronsa ya ɓace masa a gilashi ya fi saurin gyarawa a kan wanda aka tare a hanya aka karɓi tara ya wuce. Shugabannin ƙungiyar direbobi kuma su suka fi kowa iko a tasha. Ranar da shugaban tasha ya ce motar da babu madubi biyu ba za ta yi lodi ba, kafin la'asar kowa ya saya.

Mu kuma matasa ga namu. Idan kai manomi ne ko kai ke kula da gonar gida, ranar da za ka kira mai injin casa ka dubi motarsa. Kai ne mai biya, kana da bakin magana, kuma 'ya'yan gidanku ne za su kewaye injin. Idan kai mai walda ne a Bichi ko Dambatta ko Kunchi, wannan kasuwa ce a gabanka: ka ƙware a hannun madubi mai naɗewa, ka yi guda ɗaya mai kyau ka sa wa wata mota, sauran za su zo da kansu. Idan kana cikin ƙungiyar matasan unguwa ko ta ɗalibai, ku je tasha da ladabi, ku gaida shugaba, ku nemi minti goma. Ba da faɗa ba, ba da ɗaukar bidiyon mutane ana tozarta su ba. Waɗannan iyayenmu ne, da guminsu aka biya wa da yawanmu kuɗin makaranta.

Idan kuma kai ne yaron motar, ƙanina, ka riƙe abu uku. Kada ka hau ƙarfen da ke tsakanin mota da tirela mota tana tafiya. Kada ka shiga tsakaninsu inji yana kunne sai direba ya ja birkin hannu ya ce maka ka shiga. Kuma kada ka ji kunyar cewa, Oga, ba na ganinka a gilashi. Wannan ba rashin kunya ba ne, shi ma ka cece shi.

Na ƙarshe na kowa da kowa ne, mai babur, mai keke, 'yar'uwa mai tafiya Islamiyya, uwa mai aiken yara. Idan kana kusa da motar da ke jan kaya, ka dubi madubinta. In ba ka ga fuskar direba a ciki ba, shi ma bai gan ka ba. In ka duba babu madubin ma sam, to ka ɗauka makaho ne ke tafe, ka ba shi hanya. Kada ka wuce shi ta dama, kada ka tsaya a cikin kwanarsa. Ku koya wa yara wannan kamar yadda ake koya musu duba dama da hagu kafin tsallaka titi. Idan kuma hatsari ya faru a babbar hanya, lambar hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, kyauta ce.

A nan za mu tsaya yau. Wanda ke da direba a gidansu, ya kunna masa wannan shirin ko ya karanta masa, sannan gobe da safe ku fita fili ku yi gwajin taku 25 ɗin nan tare. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa a yi kaka lafiya a kai amfani gida lafiya.